Zanen da Babana Ya Wanke Ranar Juma'a

Shekarun baya kaɗan, ba su kai biyar ba, na yi wani kuskure da ya kusa sa mahaifina ya bar maganinsa tun ba a fara ba. Amma tunda a gidanmu an riga an maida abin labarin dariya, bari in ba ku shi yadda ya faru.

Ni ce ɗiyar fari a gidanmu, kuma wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da hakan yake nufi. Tun da aka yaye ni aka kai ni wurin kakata, uwar mahaifina, katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da namu. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa zama ya yi hira da ni ba. In yana son ruwa kuma ni kaɗai ce a tsakar gida, sai ya dubi rumbu ya ce, "Wai ba kowa a gidan nan?" Ni kuma in ɗebo in ajiye nesa kaɗan, in juya. Kada ku ɗauka ƙiyayya ce. Ranar da na ci jarrabawar gama koleji bai ce mani komai ba, amma da yamma na tarar da tunkiya a ɗaure a turken kakata. Ya ce mata, "Ta yarinyar nan ce." Haka muke, kuma ban taɓa jin na rasa wani abu ba.

Garinmu yana kan hanyar Korahane, ba nisa da Dakoro. Baba manomi ne, yana kuma da 'yan shanu da awaki. Rijiyoyinmu zurfi gare su, sa ne ke jan igiya, mutum kuma ya tsaya a bakin rijiya ya karɓi wasaki, wato babban gugan fata, ya juye a kwamin da dabbobi ke sha. A wannan aikin ciwon ya fara nuna kansa. Bayan an gama kaka, in ya ɗago wasakin sai a ga ya cije baki, ya dafe bayan kafaɗarsa ta dama. Aka shafa man zafi, aka sha saiwoyi. Wani abokinsa ya yi masa lalas da ƙarfe mai zafi, irin wanda suke yi wa saniya in ta gurɗe. Ciwo bai san ana yi ba. Har kwanciya a ɓangaren ta gagare shi.

Maɗorin garinmu ne ya fara cetonmu, Allah ya saka masa. Ya shafa wurin, ya daɗe yana latsawa, sannan ya sauke hannu ya ce, "Wannan ba targaɗe ba ne, ba karaya ba ce. Ƙashin nan ba irin wanda na sani ba ne. Ku kai shi likita, ni ba ni taɓa abin da ban gane ba."

A Dakoro aka yi masa hoton ƙashi, wanda muke ce wa radiyo. Da aka ɗaga hoton a haske, ko ni na ga wurin: wani rami a allon kafaɗa, kamar ƙwaryar da ɓera ya ɓula. Aka tura mu Maradi. Can aka sa shi a sikana, aka zura allura aka ciro ɗan tsoka daga cikin ramin aka aika bincike. Mun yi makonni muna jira. Da takardar ta zo, ni aka miƙa wa, don ni ce mai Faransanci a gidan. A ƙasanta an rubuta "plasmocytome", an ce a tafi Yamai.

A nan na yi wautar farko. Na rubuta kalmar a wayata. Abin da ya fito ya kai ni ga wani ciwo da ke cin ɓargo da ƙasusuwa ko'ina a jiki, yana lalata ƙoda, kuma an rubuta cewa ba ya warkewa sarai. Na karanta a bayan rumbu, na yi kuka har majina, na wanke fuska na dawo na ce wa mahaifiyata, "Ba komai, wani bincike ne kawai ya rage." Kwana uku ban iya cin abinci ba. Kakata ta ɗauka wani saurayi ne ya ɓata mani rai, har ta fara lissafa mani aibin samarin garin ɗaya bayan ɗaya.

Tafiya Yamai mu uku ne: Baba, ƙanensa wato baffana, da ni. Muka sauka gidan wani dattijo ɗan Dakoro da ya daɗe a can, tsohon direba. Likitar da aka haɗa mu da ita matashiya ce, Bazabarma, Hausarta ta cefane ce kawai. Don haka ga yadda magana take tafiya. Likita ta yi tambaya da Faransanci. Ni in juya in faɗa wa Baffa da Hausa. Baffa ya juya ya maimaita wa Baba, wanda yake zaune kusa da ni har ina jin numfashinsa, kuma ya riga ya ji komai. Baba ya ba Baffa amsa, Baffa ya ba ni, ni in ba likita. A rana ta biyu ta ajiye alƙalami ta tambaye ni ko babana kurma ne ta ɓangaren da nake zaune. Na yi mata bayanin kunyar ɗiyar fari iya yina. Ta yi murmushi ta ce su ma suna da irinta, amma tamu ta yi tsauri.

Ita ce ta kwantar mani da hankali kaɗan. Ta ce a cikin ɓargo akwai wasu ƙwayoyi da aikinsu haɗa abin da jiki ke kare kansa da shi daga cuta. Wani lokaci wasu daga cikinsu sukan lalace, su yi ta yawa a wuri guda har su ci ƙashin. Tambayar da ta rage ita ce, a wuri ɗaya suke ko sun bazu. In sun bazu, to ciwon da na karanta ne. In wuri ɗaya ne, maganarsa daban, maganinsa daban. Da saƙon ya bi ta kaina ya bi ta Baffa ya isa, Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Na gane. So suke su san akuya guda ce ta kamu ko garken duka."

Binciken garken ya ci mana kusan mako uku. Aka ɗebi jini sau ba adadi, ana duba ƙoda da yawan jini da wani sinadari da waɗannan ƙwayoyin ke zubarwa. Aka ɗauki hoton ƙasusuwansa tun daga kai har ƙafa. Aka huda ƙashin ƙugunsa aka zuƙo ɓargo, ya fito yana ɗingishi yana cewa lalas ɗin abokinsa ya fi wannan zafi nesa. Wata rana kuma aka miƙo mani wani bido fari, wato jarka, aka ce a tara duk fitsarin da zai yi daga safiya zuwa wata safiyar. Na riƙe bidon nan na rasa inda zan sa fuskata. Na ja Baffa gefe na raɗa masa. Baffa ba shi da sirri, ya ɗaga bidon sama a gaban mutane ya ce, "Yaya, sun ce ka cika masu wannan. Ashe har shi suna so a birni." Baba ya ce, "Kai dai ba ka girma."

Ranar sakamako ba zan manta da ita ba. Likita ta jera takardu a kan tebur tana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗago ta ce ɓargon lafiya, ƙoda lafiya, jini lafiya, sauran ƙasusuwa lafiya. Guda ɗaya ne. Ta ce irin wannan yana jin haske sosai, za a ƙona shi da na'ura sau ashirin da biyar, kwana biyar a mako, ba yanka ba ƙarin ruwa. Na buɗe baki in fassara sai kuka ya riga ni. Baffa ya ga ina kuka ya fara salati. Da ƙyar na ce masa, "Baffa, akuya guda ce." Ya ce, "To shi ne kike kuka? Kin kusa kashe ni, 'yar lakwal," wato 'yar boko. Na ga Baba ya shafa fuskarsa da hannu biyu. A hanyar komawa masauki ya saya mana tsire da lemo mai sanyi, shi da bai taɓa cin abu a titi ba.

Daga nan matsala ta soma. Lokacin damina ya matso, shanu kuma ba mai kula da su sai mata da yara. Baffa ya ce tunda abin ya zo da sauƙi, shi zai koma. Ya hau kar, wato babbar motar fasinja, ranar Talata. Muka rage mu biyu, ni da mutumin da ban taɓa faɗa wa jimla guda cikakkiya ba.

Ranar Laraba aka kira mu awo. Suka kwantar da shi a na'ura, suka daɗe suna gwaje-gwaje, sannan suka zana masa layuka da 'yan alamomi da shuɗin tawada a kafaɗa da ƙirji da gefen haƙarƙari, suka manna wata leda siririya mai ɗanko a kai. Mai aikin na'urar ya fito ya same ni ya yi mani bayani dalla-dalla. Ya ce da waɗannan alamomin za a riƙa saita hasken kullum, don ya faɗa kan ciwon ya bar huhu da lafiyayyen nama. Kada a ɓare ledar. Kada a goge. In zai yi wanka ya bar ruwa ya bi ta kai kawai, ba soso ba sabulu a wurin. Za a fara ranar Litinin. Ya tambaye ni har sau biyu ko na gane. Na ce na gane, kuma wallahi na gane.

Matsalar ita ce faɗa. Yaya zan tsaya gaban mahaifina in yi masa maganar wanka, da soso, da inda zai cuɗa da inda ba zai cuɗa ba? Duk hanya ina shirya maganar a raina. Da muka iso ƙofar gida na dubi ƙasa na ce wa iska, "Sun ce a kula da wurin." Shi kuma ya ce wa ƙofa, "To." Na ce a raina gobe zan gaya wa mai masaukinmu ya ƙarasa masa. Gobe ta zo, dattijon ya tafi wani zaman makoki a wata unguwa. Na sake cewa gobe.

Goben nan kuwa ita ce Juma'a. Mahaifina bai taɓa barin wankan Juma'a ba tun da na san shi. Daga baya na ji yadda ya yi tunani, kuma ba laifinsa: ya ga leda manne a jikinsa, ruwa ba zai taɓa fata ba, to ina wanka ya cika? Ga kuma zane-zanen tawada kamar allon 'yan makaranta, da su zai shiga masallacin birni? An ce masa a kula da wurin, shi kuwa ya kula da shi. Ya ɓare ledar tsaf, ya sa dogon soso da sabulu ya dirje wurin har ya yi ƙyalli.

Ban sani ba sai ranar Litinin. Mai na'urar ya shiga da shi, ko minti biyu ba a yi ba ya leƙo ya kira ni. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi ci mani rai ke nan. Ya ce kawai ba za su harba haske da ƙiyasi ba, sai an sake awo daga farko, kuma layin awon ya cika, randebu mafi kusa, wato ranar da za su iya ba mu, sai bayan kwana tara. Ya ce, "Kin faɗa masa kuwa?" Na ce, "Na faɗa." Ƙarya ta biyu ke nan, bayan wadda na yi wa mahaifiyata. Baba kuwa na ce masa, ta hanyar bangon asibiti, wai sun ɗaga sai wani mako. Ya ɗauka irin jan ran mutanen birni ne.

Kwana huɗu cikin jiran, ruwa ya sauka a garinmu. Ruwa na sosai, wanda ake cewa ya kai shuka. Baffa ya kira da murna, ana jin kwaɗi a bayansa. Na ga fuskar Baba ta canza. Ku da ba manoma ba, ku sani a wajenmu damina gajera ce, wanda ya rasa shukar farko yakan rasa shekarar. Ga shi ƙwayoyin rage zafin da aka ba shi sun kwantar da ciwon, har yana ɗaga hannu. A ganinsa ga mutum lafiyayye zaune a ƙarƙashin dogon yaro yana cin abincin wani, likitoci suna ta ɗaga masa rana, gona kuma tana jiƙe tana jira.

Bayan la'asar na fito da buta sai na ga yana ɗaure jakarsa. Ya ce wa mai masaukinmu, "Alhaji, gobe in Allah ya kai mu za mu kama kar ta sahe. In an yi girbi na dawo su ƙona abin nasu. A shaida wa yarinyar nan ta haɗa kayanta." Ina tsaye taku uku daga gare shi.

Na ajiye butar na zagaya bayan gida na kira kakata. Na faɗa mata komai, har da soson. Na ce ta yi wa Allah ta kira ɗanta ta hana shi. Ta ce, "Ke, kin manta shi ma ɗan farina ne? Shekara hamsin ban ce mashi zauna ba, yau zan fara a cikin tarho?" Na ce to Baffa. Ta ce, "Baffanki in ya ce mashi gabas, yamma zai yi, ƙanensa ne. Ke kika ji nasarancin da kunnenki, ke kika ɓata, ke za ki gyara. Tahi ki buɗe baki. Ba a mutuwa da shi. Gonar kuma ki bar mani."

Na dawo na durƙusa a gefen tabarmarsa. Mai masaukinmu ya ga alamar magana, ya tashi wai zai duba akuyarsa. Na ce, "Baba." Shi kansa ya ɗan razana, don bai taɓa jin na kira shi kai tsaye ba. Na ce, "Baba, ba su suka ɗaga ba. Ni ce. Zanen nan da ka wanke, da shi za su saita hasken. Sun ce kada a ɓare, kada a sa soso. Sun faɗa mani sau biyu. Kunya ta hana ni faɗa maka." Da na fara sai abin ya ƙi tsayawa. Na gaya masa abin da na karanta a bayan rumbu, da kwana ukun da ban ci abinci ba. Na ce zafin da ya kwanta ƙwaya ce ta rufe shi, ramin yana nan yana ci. Na ce likita ta ce in aka bar shi ƙashin zai iya karyewa da kansa, kuma ba wanda ya san abin da wata huɗu za su haifar.

Ya daɗe yana kallon igiyar jakar. Ina jiran ya kira Alhaji ya ba shi amsa ya ba ni. Sai na ji ya ce, a hankali, kuma ni yake wa magana, "Ke da kunnenki kika ji ta ce guda ce?"

Na ce, "Da kunnena."

"In an ƙone ta, shi ke nan?"

Nan ma na so in sassauta, amma na tuna inda sassauci ya kai mu. Na ce, "Ta ce wurin yakan mutu sarai. Amma ta ce mutane da yawa bayan shekaru abin yana ɓullo masu a wani wuri, ko ya zama mai bazuwar. Wasu kuma ba ya dawo masu. Shi ya sa za a riƙa duba jininka har abada."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Haka kiwo yake. Ba a cewa an gama duba garke." Sannan ya ce, "Da kin ce mani kada in wanke, ai da ban wanke ba. Mi ke da wuya a nan?" Sai na ga kafaɗunsa suna motsi. Dariya yake, marar sauti, har da share ido. Ya ce, "Na kuwa dirje shi da kyau." Ya kwance igiyar jakar.

Maganar wanka kuwa mai masaukinmu ne ya warware ta da ya dawo daga duba akuyar da ba abin da ya same ta. Ya ce ai hukuncin ɗaya ne da na mai ɗori ko mai bandeji, a shafa a kai ya wadatar, kuma in Baba bai yarda ba su je su tambayi liman bayan magariba. Suka je, liman ya faɗi haka.

Washegari da hantsi saƙon bidiyo ya shigo wayata. Kakata ta tayar da rabin gari. Ga Baffa da maƙwabta a jere da sungumi suna sara, ga mata da yara a baya suna zuba iri suna rufewa da ƙafa, ga mahaifiyata da ƙwaryar fura a ka, ga maɗorin nan ma da ɗan gemunsa yana bin layi. Kakata tana zaune a gindin gawo tana ba da umarni. Na miƙa wa Baba wayar. Ya kalla sau uku. Na ɗauka godiya zai yi, sai ya ce, "Wa ya ba wancan sungumi? Ramukan sun yi kusa da juna." Amma ya ƙi maido mani wayar har azahar.

Aka sake awo, aka sake zane, aka fara. Kullum da safe mu je, ya kwanta minti kaɗan, ya fito. A makon farko ya yi zargin ana yaudararsa, wai na'urar zagaye shi kawai take tana ƙara, ko taɓa shi ba ta yi. A mako na uku fatar wurin ta yi duhu tana ƙaiƙayi, gajiya ta kama shi, yana barcin rana kamar jariri, sai ya yarda ana aiki. Ni kuma na zama mai gadin zane. Kowace safiya kafin mu fita yakan juya mani baya ya ɗage riga ya ce, "A duba shaidar. Ni da nake sa wa shanu shaida, yau ga ni da tawa." In na ga layi ya fara dushewa saboda zufa, in gaya wa mai na'urar ya maimaita. A layin jira muka saba da mutane daga ko'ina, har Baba ya zama shi ke yi wa sababbin zuwa gargaɗi: "Kada ka sa soso. Ni na sani."

Ranar ƙarshe likita ta rubuta mana takardun binciken jini, da farko duk wata uku, daga baya duk wata shida. Ta ce a yi a Maradi a riƙa turo mata. Ta lissafa abin da in aka gani a dawo ba jira: sabon ciwon ƙashi a ko'ina, kasala marar dalili, yawan zazzaɓi. Sannan ta tambaya da 'yar Hausarta, tana kallon Baba, "A gida, wa zai karanta takarda?" Na buɗe baki in amsa, sai ya riga ni. Ya faɗi sunana. Cikakke, yadda aka raɗa mani shi. Shekara ashirin da ɗaya ban san yadda sunana yake fita a bakinsa ba. Likita ta rubuta abinta, ta ɗago ta ga ina hawaye, ta ce, "Ke kam kullum kuka, ko labari mai daɗi ne."

Mun iso gida gero ya kai gwiwa. Ramukan sun yi kusa da juna kamar yadda ya faɗa, amma shekarar ta yi kyau. Bayan wata shida hoto ya nuna ramin kafaɗar ya fara cikewa. Yanzu yana karɓar wasaki a bakin rijiya, sai dai mahaifiyata ta hana shi yin sama da goma a jere, kuma tana ƙirgawa daga nesa.

Abin da na ɗauka daga wannan ba shi da yawa. Kunya abu ce mai kyau, ban raina ta ba, da ita aka raine ni. Amma in aka ba ki maganar likita ki kai, ki kai ta da ƙashinta, kada ki tauna ta ki rage. Mutanenmu da yawa ta bakin 'ya'yansu suke jin likita, kuma ina jin ba ni kaɗai ce na taɓa maida "kada a wanke" ta koma "a kula" ba. Ciwon ƙashi kuma da ya ƙi tafiya wata da watanni, a je a yi hoto.

Ba zan ce maku tsoron ya tafi ba. In Baba ya dafe bayansa don ya gaji da noma, zuciyata sai ta faɗi. In lokacin bincike ya matso, barcina yakan lalace tun saura mako. Kuma kada ku ɗauka mun zama abokan hira. Muna sauka daga kar komai ya koma yadda yake, rumbu ya ci gaba da karɓar saƙo. Sunan nan ban sake jin sa ba.

Sai dai ranar da takardar jini ta zo, ba ya ba kowa ya kawo mani. Da kansa yake zagayowa gidan kakata, ya tsaya a bakin ƙofa ya miƙo mani ambulan. Ta watan jiya ma haka aka yi. Na yage ta, na bi layukan ɗaya bayan ɗaya, na sake bi. Yana tsaye yana kallona, ni ɗin, ba bango ba.

Ya ce, "Garken?"

Na ce, "Lahiya lau, Baba."

Ya sauke numfashi. Ya gyara hularsa, ya juya ya fuskanci turken tunkiya, ya ce, "A gaya wa yarinyar nan an gode."

Kakata daga cikin ɗaki ta ce, "Ta ji."